Mutum Ɗaya a Ƙarƙashin Dutse

Tun safe hotunan suke baje a kan teburin majalisar tsaro, shayi ya huce a kofuna, ba a tsai da magana ba. Abin da ke jikin hotunan bai taka kara ya karya ba: wani dutse a ƙasar maƙwabta, ƙofar ƙarfe a gindinsa, manyan motoci suna shiga a lulluɓe da tamfal.

Maƙwabtan sun ce tashar wutar lantarki suke ginawa. Janar, babban hafsan sojoji, ya ce bam ɗin nukiliya suke haɗawa, kuma in ba a ruguza dutsen yanzu ba, nan gaba sai dai a je musu da roƙo. Ministan harkokin waje ya ce zato ba hujja ba ne, a bar masu bincike su shiga tukuna. Ministar lafiya ta tambayi inda iska za ta kai ƙurar in aka fasa wurin. Aka wuce tambayarta.

Shugabar hukumar leƙen asiri tana can ƙarshen tebur tana sauraro. Gwaggo ake kiranta a bayan idonta, saboda ba ta ɗaga murya kuma ba ta mantuwa.

Kowa a ɗakin ya san abin da ke tsakaninta da Janar. Shekarun baya ya tura jirage su kai hari kan wani sito da ya rantse makamai masu guba ne a ciki. Takin zamani aka tarar. Jirgi ɗaya bai dawo ba, matuƙinsa kuwa ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Janar bai je ta'aziyya ba. Ya aika dogarinsa da tuta a naɗe, washegari ya gaya wa 'yan jarida cewa wanda ya sa kaki ya san abin da ya saya.

Amma Gwaggo ba ta taɓa nuna masa komai ba. Ko da safen nan, kafin a zauna, ita ta fara gaishe shi, ta tambayi uwargidansa da ciwon ƙafarta, ta tambayi autansa injiniya.

“Wannan ɗan banzan?” in ji Janar yana dariya. “Na ce ya shiga soja, ya ce shi boko. Yana can wani kamfani a ƙasar waje, ko waya sai ya ga dama. Uwarsa ce ta lalata shi.”

Da azahar ta kusa, Shugaban ƙasa ya cire tabarau ya juya wajen Gwaggo. “Ke kaɗai ba mu ji ba. Me mutuminki ya ce?”

Tana da mutum a cikin dutsen. Baƙo suke kiransa, kuma bisa dokar hukumar, ita kaɗai ta san sunansa. Ita ta nemo shi da kanta, ta lallaɓa shi, ta koya masa aikin, ta sama masa gurbi a wurin. Matashi ne mai ƙwazo, irin waɗanda suke son wata rana a ce a gida sun yi abin kirki.

“Ranka ya daɗe, Baƙo ya ga injinan tace sinadarin nukiliya,” in ji ta. “Sun wuce na samar da wutar lantarki. Bam ɗin dai bai gani da idonsa ba.”

Ministan harkokin waje ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

“Ina goyon bayan Janar. Roƙo ɗaya gare ni. Baƙo yana ciki, ba a barinsu su fita sai ƙarshen wata. A jira in fito da shi.”

Ta faɗi maganar ne tana kallon Janar, ba Shugaba ba.

Janar ya tura kujerarsa baya. Ya ce kafin ƙarshen wata labari ya fita, sun kwashe injinan. Ya ce ba a riƙe ƙasa guda saboda mutum ɗaya, kuma duk wanda ya karɓi irin wannan aiki da sanin iyayensa ko babu, ya riga ya yi ban kwana.

“Ɗan wani ne, Janar,” in ji ta a hankali.

“Kowa ma ɗan wani ne.”

“To a rubuta cewa na roƙa, kai ka ƙi.”

Aka rubuta. Aka ɗaga hannu, masu son hari suka rinjaya, hannun Gwaggo yana cikinsu. Ministar lafiya ta tattara jakarta ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Washegari da sassafe jiragen yaƙi suka tashi. Kafin hantsi dutsen ya rufta a kan duk wanda ke cikinsa. Janar ya fito a talabijin da lambobin yabo a ƙirji, ya ce an yi aikin ba tare da asarar soja ko ɗaya ba.

Gwaggo ta kalli jawabin har ƙarshe a ofis, sannan ta wanke fuska, ta sa kaya masu duhu. Dokar hukumar ce, in ma'aikaci ya mutu a bakin aiki, shugaba da kanta take kai wa iyayensa labari. Ta sha yin wannan tafiyar da nauyin zuciya. Yau kuwa har ta tsaya gaban madubi ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Direba ya buɗe mata ƙofa, ya tada mota, ya dube ta ta madubi. “Ranki ya daɗe, gidan su marigayin a wace unguwa yake?”

“Ka san gidan,” in ji ta. “Kai ni gidan Janar.”