Miyar Safe a Takayama

Baƙi sun shige rumfar masu sassaƙa a Takayama, motar ta yi tsit. Fumie, mai yi musu jagora, ta ajiye 'yar tutarta, ta tuɓe takalma, ta zube a kujerar gaba. Muryarta ta dushe tun a wurin ibada na uku.

Terada direba ya cire farar safar hannunsa, ya ninke, ya sake warwarewa. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin ritaya. In bai faɗa yau ba, shi ke nan.

"Fumie-san," ya ce, idonsa a kan madubi, "ina so in riƙa shan miyar miso ɗinki, miyar waken soyan nan, kowace safiya."

Ta san maganar sarai, da ita babanta ya nemi auren mamarta. Ta lumshe ido.

"Haba Terada-san! Shekara ashirin ina tsaye ina hidimar mutane, sai ka zo mini da aikin asuba?"

Kunnuwansa suka yi ja.

"To, ni zan dafa. Sai dai ina cika gishiri."

"Ai da gani," ta ce, ta jingina kai da taga. "Ƙarfe takwas nake tashi. Kada ka kuskura ka tashe ni kafin nan."