Mutanen Ƙetaren Kogi

Matar tela ta fara naɗe barguna tun ruwan shayi bai tafasa ba. 

Laifin tela ne, shi ma ya sani. Shi ya rufe shago, ya bi layin teloli kaf yana shelar zai kai iyali hutu. Duk don mijin yayar matarsa ne, mutumin da ba ya iya dariya sai ya buɗe baki an ga haƙorin gwal ɗinsa. Kowace shekara sai ya kwashi iyalinsa zuwa ƙasar waje, ya dawo ya zaunar da dangi a falo yana ba da labari, yaran tela na zaune a ƙasa baki buɗe. Bana ma sun tafi, wai za su ga wasu mutane da ba su taɓa ganin mota ba. Tela ya ji abin ya ishe shi, ya nemo wannan sansani na 'yan yawon buɗe ido a bakin iyaka, ya kama tanti mai yoyo.

Abubuwan kallon da aka yi musu alkawari kuwa, sun gan su. Ruwan da aka ce yana zubowa daga kan dutse, ɗiga yake kamar famfon da ya lalace. Kogon tarihi, awaki sun riga su shiga, kuma da jin warin sun daɗe a ciki. Hasumiyar masu gadin iyaka tsani kawai ya rage mata. Ƙaramar 'yarsa ta tambaye shi ko yaushe za a fara hutun.

“Yau ne ƙarshe,” in ji matar, ba tare da ta dube shi ba. “In babu abin gani, ka kai mu gidan Yaya mu jira dawowarsu. Ko ba komai a can akwai labari.”

 Ba dawowar ce ta dame shi ba, zaman falon nan ne, da yadda yaransa za su sake kallon wani uban.

Ya je ya sami mai sansanin, wani siririn mutum da matarsa ke aiki a wani sansanin a can ƙetaren iyaka, kullum yana manne da waya. Ya saurari tela, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

“Yallaɓai, akwai abin da ba kowa nake nuna wa ba. Mutanen ƙetaren kogi. Da la'asar suke fitowa, amma tsoro gare su kamar barewa. Suka hango ɗan birni, shi ke nan.”

Sai aka shiga sharuɗɗa. Wayoyi da agoguna cikin kwando. Takalma a cire. Kowa ya yafa tsohon buhu, a shafa taɓo a fuska da hannuwa don kada ƙamshin sabulu ya tona asiri. Matar tela, wadda ba ta yarda ƙura ta taɓa mayafinta, ta tsaya ana yaɓa mata laka tana hararar mijinta. Mai sansani ya koma gefe ya ce wa wayarsa, “Mun taso,” sannan ya shige gaba.

Ya kai su kan wani tudu da ke fuskantar kogin, ya hura wuta, ya ce su tsuguna kewaye da ita, ba magana da ƙarfi. Cinnaku suka gano tela nan take. Ya daure, yana addu'a a zuci, irin addu'ar da bai taɓa yi wa ɗinkin amarya ba.

Can sai hayaƙi ya tashi a ɗaya gaɓar.

Ga su nan. Sun fito ɗaya bayan ɗaya daga cikin ciyawa, ƙafa ba takalmi, jiki duk laka, kowa da tsumma a kafaɗa. Suka tsuguna gaban wutarsu suka zubo wa wannan gaɓar ido. Wani abu mai ƙyalli na yawo a tsakaninsu hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa sai ya kai fuska.

“Abin bautarsu ne,” in ji mai sansani, ya miƙo madubin hangen nesa guda ɗaya tak.

Yara suka yi ta ƙwace. Matar ta karɓa, ta duba, sai ga ta tana toshe baki saboda dariya.

“Wayyo, bayin Allah. Dubi wancan mai tumbin, ko ina yake samun abinci a dajin nan? Baban yara, wallahi Yaya ba ta taɓa ganin irin wannan ba.”

Ta dafa kafaɗarsa da hannunta mai taɓo. Daɗi ya kama tela har ya manta da cinnaku. Ya fara tsara yadda zai zauna a falon nan, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya bar mai gidan ya gama nasa labarin tukuna, sannan ya yi gyaran murya.

Da layi ya zo kansa, ya goge madubin da bakin buhu, ya murza har hoton ya fito sarai. Ya nemo mai tumbin. Shi ma a daidai lokacin abin bautar ya iso hannunsa, ashe madubin hangen nesa ne, ya ɗora a ido, ya saito tela. Da alama abin da ya gani ya ba shi dariya, don ya taɓo matar da ke gefensa yana nuno tudun da yatsa, ya wage baki, rana ta haska haƙorin gwal.