Baƙon da Ya Manta Toshe Jirginsa

Harlan Alley yana kurɓar kofi a sabon ƙaramin jirginsa na ruwa, nesa da gaɓa, sai oba-oba ta yi ƙara. Muryar Loretta ce, matuƙiyar jirgin da ke kai wasiƙu tsibirai. Ta ce ta hango wani farin ƙaramin jirgi kusa da Dutsen Tsakiya, bayansa ya fara nitsewa, har sunansa ba ya karantuwa. Mutum ɗaya ne a ciki, kuma ba ya amsa tutar da take kaɗa masa.

Mu mutanen wannan gaɓa ta Maine muna da wata cuta: a wurinmu duk wanda ya shiga uku a teku baƙo ne, ɗan birni da ya zo hutu. Mu kam ai da igiyar jirgi aka yanke mana cibiya.

Harlan ya fi kowa wannan cuta. Shekara arba'in da ɗaya yana kamun kifi, ya janyo jirage goma sha tara zuwa gaɓa, kuma babu wanda bai ji lissafin ba. Da gwiwoyi suka gaza ya sayar da babban jirginsa, jiya-jiya ya sayi wannan a hannun wani likitan haƙori, ya tura shi ruwa da sassafe don kada a gan shi a yi masa dariya.

Amma dokar teku ba ta san ritaya ba. Ka ji ana neman agaji, kai ne mafi kusa, to wuyanka ne. Sanyin ruwan teku a watan Mayu kuma ba ya barin wanda ya faɗa ciki ya kai ko minti ashirin. Ya zubar da kofin, ya murɗa inji.

Jirgin ya ja jiki da kyar, hancinsa a sama. Harlan ya tsine wa likitan da injinsa. Ya kewaya dutsen ta arewa, babu kowa. Ya dawo ta kudu, sai tsuntsaye. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya taɓa isa wani wuri a makare, ya tarar da hula kaɗai a kan ruwa.

"Mutumin ya ruɗe," in ji Loretta. "Kai-komo kawai yake yi. Ina nan tafe, amma da saura."

Harlan ya fizgi oba-oba. "Harlan ne. Ina wurin, ban gan shi ba. Na rantse sakaran bai toshe ramin fitar da ruwa ba kafin ya sauko da jirgin. Aikinsu ke nan! A sayi jirgi ranar Juma'a, a zama kyaftin ranar Asabar."

Masunta shida da ke sauraro ta oba-oba suka yi ta dariya. Loretta ba ta yi ba.

"Kawu Harlan, ni fa ban hango jirginka ba."

"Na sayar da shi, ke kuma! Ki daina surutu ki faɗa mini inda yake, rai ne fa!"

Loretta ta sake duban farin jirgin nan.

"Kawu, cire hularka ka ɗaga sama."

Ya cire, ya ɗaga, yana ƙunƙuni.

"To, jama'a, an gane baƙon, ga shi can yana ɗaga hula," in ji ta. "Kawu, sa rigar ceto, sannan ka waiwaya a hankali ka dubi bayan jirginka."