Yatsa Ɗaya a Kan Gilashi

"Inna, kawo yatsan Baba mu sake gwadawa," in ji ɗiyar, wadda ta karanto aikin na'ura a Damagaram.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye baki ya rufe, yatsa ɗaya kaɗai ke motsi. Dangi a garinsu Waca sun ce hankalin ma ya tafi. Matarsa dai ba ta yarda ba. An sha ba shi waya ya zana abin da ke ransa, amma yatsan kan wuce kafin layin ya fito, sai ya rikice ya kau da kai.

"Me kika sake wa wayar?" in ji uwar.

"A da sai zanen ya bi ta wata manhaja mai yi wa wayar tafinta, shi ya sa yake jinkiri. Yanzu wayar da kanta ke zanawa kai tsaye."

Uwar ta yi bisimilla, ta ɗora yatsan. Layi ya bi shi kamar inuwa. Ya ja da'ira, ya sa idanu, ya tsaga uku a kuncin dama, biyu a hagu.

Ta shafa tsagen fuskarta, hawaye na zuba.

"Allahu akbar! Kira baffanninki su gani. Amma Malam, ka rage mini ɗaya!"