Fiyanon Gawayi

Ina ɗan shekara sha biyu na goge fiyanon ƙanena Sadiku. Da gawayi ya zana shi a teburin shagon Baba a Jos, yana ta dannawa, don washegari za a gwada shi a makarantar kiɗa. Gawayin ya ɓata farar shadda, na sa tsumma na goge zanen.

Baba ya miƙo mini gawayi. "Mayar masa, sarkin tsafta."

"Yaya, baƙaƙen madannan biyu ne, sannan uku!" in ji Sadiku cikin kuka. Sau huɗu ina sakewa har la'asar.

Bayan mun girma, shekarar kofin duniya, Sadiku ya zo Doha, inda nake zaune, yin wasan fiyano. Na rufe shagona, na zauna awa biyu, kiɗan bai shige ni ba. Baƙaƙen madannan kawai na duba: biyu, uku. Daidai suke.