Abin da Motar Sabi'u Ta Tuna

Tun da sabuwar doka ta fito, ba a yi wa mota sabon makulli sai ƙwaƙwalwarta ta faɗi wuraren da ta je a gaban shaida. Da makullin Sabi'u ya ɓata, sai ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da yayarsa Lantana a matsayin shaida.

Mai makulli ya jona waya, motar ta fara magana: "Ƙofar gidan Inna, sau tara. Ba a kashe inji ba, ba wanda ya fita."

Lantana ta juyo. "Sabi'u, ba cewa ka yi kana Legas ba, duk watan da Inna ta yi jinyar ajali?"

Ya sunkuyar da kai. "Na zo, Yaya. Shiga ce na kasa."

Aka miƙo sabon makullin. Lantana ta karɓa, ta ce, "Shiga baya. Ni zan tuƙa."