Ƙwallon Dabino a Kan Jarumi

Hibatullah ba ta zana idanu sai a ƙarshe. Wata uku tana zana jarumin wani littafin zane na ƙasar Sin, mai takobi da dogon gashi, wanda Japanawa suka mayar katun. Fuskar Abdulfattah, mai neman aurenta, ta ba jarumin. Idanu kawai suka rage.

Ranar da Abdulfattah ya zo gidansu a unguwar Khalidiyya ganin wadda zai aura, ta ajiye takardar zanen kusa da farantin dabinon Khaibar, ta zauna gefen babanta tana satar kallonsa.

Ya jawo takardar bai ko duba ba. Ya tofa ƙwallon dabino a kai, har da yawu. Ya ƙara wani.

"Baba, an ce katun ɗin yara take kallo," ya ce yana tauna. "In ta shigo gidana, khalas, an daina."

Ta ɗauki butar gahawa ta cika masa finjali fal, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya tafi.

Babanta ya daɗe yana duban finjalin. "Ya binti, 'yata, hannunki ne ya zame?"

"A'a, Baba."

Har yau jarumin nan ba shi da idanu.